Yadda Ake Haɗa Rokabili da Pank: Jagora ga Mai Son Kafa Ƙungiyar Kiɗa

Rokabili kiɗan samarin kudancin Amurka ne na tsakiyar shekarun 1950. Ya fito ne daga cakuɗuwar kiɗan ƙauyawa fararen fata da bulus na baƙaƙen fata. Pank ya biyo bayansa da shekara ashirin, a New York da Landan, da gudu da tsawa da rashin tsoron kowa. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake samun ƙananan ƙungiyoyi masu haɗa su biyun, suna kiɗa a ƙananan kulob da ɗakunan ƙarƙashin gini, ba su jiran babban kamfani ko gidan rediyo ya san da zamansu. Mafi zafin wannan haɗi shi ake kira saikobili. Wannan jagora ta mai riƙe da jita ce, ko sandar ganga, ko mai haɗa sauti a kwamfuta, wanda yake son ya gina irin wannan kiɗa tun daga tushe.

Zan ja kunnenka a kan abu ɗaya tun yanzu, don sauran matakan duk a kansa suka rataya. Ƙungiyoyin da haɗinsu ya yi daɗi rabon aiki suka yi: wannan kayan kiɗa ya riƙe tsohon salo, wancan ya ɗauki sabo. Idan kowa ya tsaya a 1956, kwaikwayo kuka yi. Idan kowa ya ruga da gudun pank, to pank kuka yi da tsofaffin kaya a hannu.

Mataki na 1: Fara da kunne

Kada ka sayi komai tukuna. Ka ba kunnenka mako biyu ko uku, kuma ka bi tarihin a jere.

Ka fara da faya-fayan kamfanin Sun na Sam Phillips a Memphis. A ranar 5 ga Yuli, 1954, Elvis Presley ya shiga situdiyon tare da Scotty Moore mai jita da Bill Black mai ƙaton bes na tsaye. Su uku ne kawai, babu mai ganga. Ka saurara da kyau, za ka ji kamar akwai ganga, alhali marin tsirkiyar bes ne. Daga nan ka wuce zuwa Carl Perkins, da Gene Vincent tare da mai jitarsa Cliff Gallup, da Eddie Cochran, da Wanda Jackson, wadda muryarta ta fi ta maza da yawa kaushi. Mutum biyu ka dakata a kansu. Ƙungiyar Johnny Burnette ta fitar da jita mai gurɓataccen sauti tun 1956. Link Wray kuma, a 1958, ya huda lasifikar amfilifayarsa da fensir don sautin ya fashe, har wasu gidajen rediyo suka ƙi sa kiɗan duk da babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Da ka ji waɗannan za ka gane cewa kaushin da ake jingina wa pank yana cikin rokabili tun asali.

Sai pank. Faifan farko na Ramones, na 1976, ya ishe ka makaranta: waƙa 14 cikin minti 29.

Bayan haka ka shiga masu haɗin. The Cramps, wadda Lux Interior da Poison Ivy suka kafa a New York a 1976, ita ta fara tono tsofaffin waƙoƙin rokabili da aka manta tana rera su a gaban 'yan pank a kulob ɗin CBGB. The Meteors ta P. Paul Fenech ta fito a kudancin Landan a 1980, kuma ita ake ɗauka uwar saikobili. Abin ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, domin a 1977 masu son tsohon rok da 'yan pank dambe suke yi da juna a titin King's Road. Daga 1982 zuwa 1988 kulob ɗin Klub Foot a unguwar Hammersmith ya zama matattara, inda irin su Guana Batz da Demented Are Go suka yi suna. Daga can abin ya tsallaka teku: Batmobile a Holan, Mad Sin a Balin, Nekromantix a Denmak, The Reverend Horton Heat a Dallas, Tiger Army a Kalifoniya.

Ka riƙe takarda yayin sauraro. Kowace waƙa ka amsa tambaya uku: wane kaya ne ya riƙe tsohon salo? Wanne ne ya kawo zafi? Kiɗan yana ɗingishi ne ko a miƙe yake? Tambaya ta ukun za ta fi fitowa fili a mataki na huɗu.

Mataki na 2: Mutum uku sun isa

Jita, bes, ganga, ɗaya daga ciki ya yi waƙa. Haka Stray Cats, ƙungiyar rokabili ta Amurka, suke, haka Meteors suka fara. Ƙarancin mutane yana barin fili a cikin kiɗan, kuma a cikin wannan filin ne marin bes da amsa-kuwwa suke fitowa. In za ka ƙara na huɗu, ya zama mawaƙi zalla ko jita ta biyu. Wurin zaɓen abokan tafiya, wanda zai zo gwaji sau biyu a mako ba fashi ya fi gwanin da sai an yi ta nemansa a waya.

Mataki na 3: Bes, inda aikin yake

Nan za ka fi daɗewa, kuma nan ne yawancin sababbin ƙungiyoyi ke karaya.

Bes na tsaye ƙaton katako ne mai tsirkiya huɗu, E, A, D, G, tsayinsa ya kai na mutum. Wanda aka fi amfani da shi shi ne mai girman uku bisa huɗu. Kada ka nemi mai tsada irin na makaɗan gargajiyar Turai. Na filawud ya fi jure duka da tafiya da sauyin yanayi. Wanda Bill Black ya yi amfani da shi ma ƙirar Kay ne, irin na filawud ɗin, kuma yau yana hannun Paul McCartney.

Abu na farko, tsirkiya. Ta ƙarfe tana da ƙara, amma tana cin yatsu. Ta hanjin dabba ita ce ta asali, sautinta mai taushi, sai dai tsada. Ta nailan ita ce ta mai koyo: araha, laushi, kuma tana ba da ƙas mai kyau, wato ƙarar da take yi in ta daki allon wuya. Abu na biyu, a ɗaga tsirkiyoyin su ɗan yi nisa da allon wuya fiye da yadda masu jaz ke yi, yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsu.

Ga yadda marin yake. Ka saƙala gefen yatsanka manuni da na tsakiya a ƙarƙashin tsirkiya, ka janyo ta waje, ka sake. Za ta koma ta daki allo, sai ka ji abu biyu lokaci guda: muryar bes da ƙas. Wannan shi ne tushe. Sai ka ƙara mari ɗaya da tafin hannu a kan tsirkiyoyin kafin janyowa ta gaba: tum-tak, tum-tak. Idan hannu ya saba, ka mai da marin biyu: tum-ta-tak, tum-ta-tak, kamar sukuwar doki a filin hawan Sallah. 'Yan saikobili suna kai shi uku, a guje. Ƙarfin daga gwiwar hannu yake fitowa, wuyan hannu a sake. Wanda ya ɗaure wuyan hannunsa ba zai kai ƙarshen waƙa ta uku ba.

Hannun hagu kuwa hanya biyu za ka fara da su. Ta farko, tushe da na biyar: in ana kan E, ka buga E a ƙidaya ta ɗaya, B a ta uku. Ta biyu, tafiya: E, G#, B, C#, ka hau ka sauko, murya ɗaya a kowace ƙidaya. Da waɗannan biyun za ka iya raka rabin waƙoƙin rokabili.

Yatsu za su yi bororo a makonnin farko. Ka naɗa filasta, ka yi minti ashirin kullum, kada ka tara awa uku a rana ɗaya.

Wurin haɗa shi da amfilifaya, makaɗan wannan fanni na'urar ɗaukar sauti biyu suke maƙala masa: ɗaya a jikin gadar da ta tallafi tsirkiyoyi don muryar ƙasa, ɗaya a bayan allon wuya don ƙas ɗin. Kowacce da makunninta, don a iya daidaita su daban. Kuma tunda bes ɗin akwati ne mai rami, da an ƙure ƙara sai ya fara kuka. Maganinsa a toshe ramukan gaba biyu da soso, kuma mai bes ya tsaya a gefen lasifika, ba a gabanta ba.

To idan babu shi fa? A Kano ko Damagaram da wuya ka shiga shago ka tarar da bes na tsaye a jingine. Hanya uku ce. Ka ɗauki jita bes ta lantarki, ka cusa ɗan soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi kusa da gada don muryar ta gajarce, mai ganga kuma ya riƙa ba da ƙas ɗin da sanda a bakin ƙaramar ganga. Ko ka yi irin na samarin Ingila na shekarun 1950, waɗanda suka haɗa bes da akwatin ganyen shayi da sandar tsintsiya da igiya ɗaya. Ko ka bi The Cramps, waɗanda suka yi shekaru babu bes kwata-kwata, sai jita biyu, ɗaya tana gurnani a ƙasa ɗaya tana yawo a sama, ba su sa bes ba sai tsakiyar shekarun 1980. A ganina ta ukun ta fi mutunci a kan ɗora marin bes na kwamfuta, wanda kunnen da ya saba yake ganewa tun ƙidayar farko.

Mataki na 4: Ɗingishi ko miƙe

Bambancin rokabili da pank na gaskiya ba a kaushin jita yake ba, a yadda ake raba ƙidaya yake. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. A pank kowace ƙidaya ana raba ta gida biyu daidai wa daida: ta-ta, ta-ta. A rokabili ana raba ta gida uku, a buga na farko da na uku a tsallake na tsakiya, sai ya fito dogo-gajere, dogo-gajere: taa-ta, taa-ta. Wannan ɗingishin shi ke sa ƙugu motsi. Miƙaƙƙen kuma shi ke sa mutum tsalle.

Matsalar ita ce gudu yana cinye ɗingishi. Yayin da kuke ƙara sauri, dogon da gajeren suna matsowa kusa da juna har su zama ɗaya. Aikinku shi ne ku gano iyakar gudun da ɗingishinku yake rayuwa. Ku kunna na'urar ƙidaya, akwai ta kyauta a waya, ku sa ta a bugu 120 a minti. Ku yi zagaye ɗaya na kiɗa da ɗingishi sosai. Ku ƙara 10. Ku ci gaba haka, kuna ɗauka a waya kuna saurare. Inda kuka ji ya miƙe da kansa, ku koma baya da 10, nan ne gidanku a yanzu. Bayan wata biyu iyakar za ta matsa gaba.

Daga nan sai rabon aikin da na ambata. Ga tsari uku da suke aiki:

Ganga a miƙe da gudun pank, bes yana sukuwarsa ta mari biyu a kai. Wannan gogayya tsakanin su biyun ita ce zuciyar saikobili.

Baiti da ɗingishi, amshi a miƙe. Sauyin da kansa yana tayar da masu sauraro, ba sai an ƙara ƙara ba.

Kowa da ɗingishi, jita kaɗai ta kawo kaushi. Wannan ya fi kusa da rokabilin zamani.

Mai ganga ya rage kaya. Slim Jim Phantom na Stray Cats a tsaye yake kiɗa, da babbar ganga ta ƙafa da ƙarama da faifan ƙarfe. Salon da zai fara koya shi ne kiɗan jirgin ƙasa: hannu biyu suna bin juna a kan ƙaramar ganga ba tsayawa, ana ƙarfafa ƙidaya ta biyu da ta huɗu. Kuma ya sani cewa ƙas ɗin bes da ƙarar fayafayan ƙarfe wuri ɗaya suke zama a kunne. In ya yi ta dukan ƙarfe, ya binne wahalar da mai bes yake sha. A baiti ya bar wa bes wurin, a amshi ya buɗe hannu.

Mataki na 5: Jita

Jitar da aka san fannin da ita mai rami ce, irin Gretsch 6120 ta Eddie Cochran da Brian Setzer, da mariƙin Bigsby na girgiza sauti. Kyakkyawa ce, amma ba sharaɗi ba ce. James Burton da Telecaster ya yi aikinsa, kuma kowace jita mai siririn sauti mai haske za ta yi. Ka zaɓi na'urar ɗaukar sauti ta kusa da gada.

Ka fara da zagayen bulus mai gaɓa goma sha biyu, kowace gaɓa ƙidaya huɗu. A kan E: gaɓa huɗu E, biyu A, biyu E, ɗaya B, ɗaya A, biyu E. Kod uku ke nan, kod kuwa shi ne muryoyin da ake bugawa tare lokaci guda. Wata 'yar mujallar pank ta Landan ta taɓa zana kod uku a shafinta a farkon 1977, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa ƙungiya. Kod ukun nan su ne inda salon biyu suka haɗu.

Hannu biyu za ka koya. Na tsoho: babban yatsa yana kai-komo tsakanin manyan tsirkiyoyi biyu, gefen tafi ya ɗan danne su, sauran yatsu suna tsinkar ƙananan tsirkiyoyi. Salon Merle Travis ne, daga gare shi da Chet Atkins Scotty Moore ya ɗauka. Na sabo: kod mai murya biyu, tushe da na biyar, ana dukansa ƙasa-ƙasa kawai ba a dawowa sama, irin dukan Johnny Ramone, mai jitar Ramones. Yana gajiyar da hannu, amma dukan sama da ƙasa ba ya ba da wannan nauyin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙure gurɓata sauti. Jitar rokabili tana bukatar a ji bakin kowace murya. Ka murɗa makunnin gurɓatawa har inda in ka taɓa a hankali sautin zai fito tas, in ka daka ya fashe. Nan za ka tsaya. Da haka hannunka ne zai riƙa sauya zamani a tsakiyar waƙa, ba ƙafarka ba. Jita mai rami ma tana kuka kamar bes in an matsa mata, maganin kuma ɗaya ne.

In kana son duhun da ake ji a waƙoƙin Nekromantix ko Tiger Army, ka bar zagayen bulus ka koma kod masu sanyin murya: Am, G, F, E, a sauko a jere. Ka girgiza mariƙin a kan na ƙarshe.

Mataki na 6: Amsa-kuwwa

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ke mai da sauti na 1955 nan take, wannan ne. Sam Phillips ya same shi ne da rikoda biyu ƙirar Ampex: sautin yana shiga ta ɗaya, ya dawo ta ɗayar a makare kaɗan, saboda 'yar tazarar da ke tsakanin kan da ke ɗauka da kan da ke maimaitawa. Scotty Moore sai da ya sayi amfilifaya ta musamman, EchoSonic ta Ray Butts, a 1955, don ya samu wannan sauti a kan dandamali.

Yau kowace na'urar jinkirta sauti ta ƙafa, ko manhajar kwamfuta, za ta yi maka. Saiti uku ne. Maimaici: ɗaya tak. Jinkiri: tsakanin milisakan 80 da 140. Ƙarfi: ƙasa da sautin asali kaɗan. In akwai makunnin haske, ka rage shi, domin tef ɗin da yakan dusashe maimaicin.

Ga lissafin da zai sa kuwwar ta zauna cikin kiɗan. Ka raba 60,000 da gudun waƙar, ka samu tsawon ƙidaya ɗaya, sannan ka raba shi uku. Waƙa mai bugu 180 a minti: ƙidaya ɗaya milisakan 333, kashi ɗaya cikin uku 111. Mai bugu 220: 273, sai 91. Ka ga ke nan duk lokacin da gudu ya ƙaru dole jinkirin ya ragu. Wanda ya bar shi a 140 yana kiɗa da saurin pank, kuwwar za ta riƙa taka muryar da ke biye, kiɗan ya dagule. Na'urar gurɓatawa ta zo kafin ta jinkiri a jerin waya. Ku sa kuwwa a jita da murya. Kada ku sa a bes ko babbar ganga.

Mataki na 7: Waƙar kanta

Minti biyu zuwa biyu da rabi. Baiti, amshi, baiti, amshi, zagaye ɗaya na jita ita kaɗai, amshi, a tsaya cak. Ku yi amfani da tsayawa: kowa ya daki ƙidaya ta ɗaya ya yi shiru, mawaƙi ya faɗi layinsa shi kaɗai, a sake daka. Tsohuwar dabara ce tun zamanin Carl Perkins, kuma da gudun pank ta fi kaifi.

Muryar rokabili tana da shaƙuwa da rawar murya, irin ta Charlie Feathers. Ta pank ihu ce. Mawaƙi ya riƙe ta farko a baiti, a amshi kowa ya buɗe baki tare.

Jigon waƙoƙin da mota ne da jirgin ƙasa da soyayya da daren Asabar. 'Yan saikobili sun karkata ga finafinan ban tsoro masu arha: dodanni, maƙabarta, halittun wata duniya, yawanci da sigar barkwanci. Kim Nekroman na Nekromantix ma bes ɗinsa siffar akwatin gawa aka yi masa. Tun zamanin Meteors kuma suka yi wa kansu doka cewa ba a kawo siyasa, domin a lokacin rikicin siyasa da na wariyar launin fata yana tarwatsa wuraren kiɗa a Ingila. Wasu sunaye da kalaman wannan fanni ba za su yi wa mai karatu Bahaushe daɗi ba, kuma babu wanda ya ɗora maka su. Sautin kake koyo. Abin da za ka faɗa a kansa naka ne. Akwai masu rera shi da Jamusanci da Rashanci da harshen Fotugal. Mai gwada shi da Hausa yana da wata riba ma: gaɓoɓin kalmominmu dama dogo da gajere ne, don haka in ka dace da kalma, da kanta take hawa ɗingishin. Sai dai ka kula kada karin waƙar ya juya maka karin kalma har ma'ana ta sauya.

Mataki na 8: Ɗauka

Ƙa'idar ita ce a yi kiɗa irin na da, a ɗauka da kayan yau.

Ku shiga ɗaki ɗaya ku buga tare. Ɗaukar kowa shi kaɗai, yadda aka saba a situdiyon kwamfuta, yana kashe wannan kiɗa, domin ja-in-jar bes da ganga ba ta faruwa sai suna kallon juna. Ɗaki matsakaici mai labule da darduma ya isa. Makirufo ɗaya a gaban lasifikar jita, irin SM57, a ɗan kauce wa tsakiyarta. Ɗaya a saman ganguna, ɗaya a gaban babbar ganga. Bes ya shiga ta wayoyinsa biyu. Sautin wani zai ɗan shiga makirufon wani, ku bar shi, shi ke sa a ji ɗakin. Murya kaɗai za ku iya sake ɗauka daga baya.

Ku ɗauka da bit 24, ku bar sarari, kada allura ta kusanci ja. Manhaja kowacce ta yi, har Audacity ta kyauta. Kowace waƙa ku buga ta sau uku ko huɗu, ku zaɓi mai rai ko da da ɗan tuntuɓe a ciki. Kada ku ja bugun ganga ku jera shi a kan layin kwamfuta, kada ku sa na'urar gyaran murya.

Wurin haɗawa, layin bes na ƙasa a yanke masa sama, layin ƙas a yanke masa ƙasa, sannan a ɗaga ƙas ɗin har ya fito. Dalili: lasifikar waya ba ta fitar da muryar ƙasa, ƙas ɗin ne zai gaya wa mai sauraro akwai bes. Babbar ganga ta zama gajeriya, kada ta yi gasar nauyi da bes. Ku saurari komai ta lasifika ɗaya kafin ku raba hagu da dama, tunda faya-fayan Sun duk ta hanya ɗaya suke fita.

Wani abu da nake roƙo ku bari: ɗora ƙarar ƙarzunan tsohon faifai a kan sabuwar waƙa. Ba ya ruɗin kowa. Wanda yake son ya ji yadda ake tsohon sauti da gaske a wannan zamani ya nemi faifan farko na JD McPherson, wanda aka ɗauka da tsofaffin na'urori a situdiyon Jimmy Sutton a Chicago, ya fito a 2010. Tsaf yake, tsufansa a cikin bugun yake.

Mataki na 9: Fitarwa da dandamali

Ku fara da waƙa huɗu. A Janairun 1977 Buzzcocks na Manchester suka ranci kusan fam 500 daga 'yan'uwa da abokai, suka buga kwafi 1,000 na faifai mai waƙa huɗu a ƙarƙashin kamfanin da suka kafa da kansu. Hanyar da ƙananan ƙungiyoyi ke bi ke nan har yau. Masu sauraron wannan fanni suna sayen kiɗa a Bandcamp, wanda ke cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin waƙa, amma ku tabbatar hanyar biyan kuɗinsa tana aiki a ƙasarku kafin ku dogara da shi. YouTube da Audiomack don a san ku. Akwai ƙananan kamfanoni da suka daɗe a fannin, irin Nervous a Ingila da Crazy Love a Jamus, da taruka na shekara-shekara: Psychobilly Meeting a gaɓar tekun Kataloniya a Sifen, Psycho Carnival a Curitiba ta Birazil, da Viva Las Vegas ga masu son tsohon salo zalla.

Wasanku na farko kada ya wuce minti 25 zuwa 30. Ku jera waƙoƙi uku-uku ba tare da tsayawa ba, ku sa mai sanyi ɗaya a tsakiya don hannun mai bes ya huta. Wurin gwajin sauti, da bes za a fara, a kai shi iyakar ƙarar da ba ya kuka, sannan kowa ya daidaita da shi. Rawar masu kallon saikobili ture-ture ce da wurgin hannu, don haka ku janye wayoyi da na'urorin ƙafa daga bakin dandamali. Tukkun gashi da jaket ɗin fata, in kuna so, su zo daga ƙarshe.

In za ku aika wa mai shirya taro ko ƙaramin kamfani, abin da suke fara dubawa bidiyon wasa ne kai tsaye. Ku kafa waya a gefen da mai bes yake, yadda za a ga hannunsa, ku ɗauki waƙa biyu a jere ba yanka, ku haɗa da layi uku: sunan ƙungiya, garinku, da yawan mintin da za ku iya yi a kan dandamali.